Kawu Mai Leda da Kaset Ɗin da Na Goge

Ranar zaman makokin Kawu a gidanmu a Lanham, nan Amurka, na lura da wani abu da ya ba ni haushi, kuma har yau bai sake ni ba. Duk wanda ya shigo, bayan ya durƙusa gaban Mama ya ce, "Sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri," abu ɗaya yake iya ƙarawa: "Ai shi ya shimfiɗa mana ledar kicin." Wata nas abokiyar aikin Mama ta ce shekara bakwai ke nan ko gefen ledar bai ɗago ba. Wani dattijon coci ya ce marigayin ba shi da surutu. Matan zumunta suka yi waƙa biyu, aka raba shinkafa, hira ta koma kan wanda takardunsa suka fito da wanda zai je gida Kirsimeti. Mutum ya yi shekara sittin da ɗoriya a duniya, kusan ashirin daga ciki a ƙasar nan, a ce abin da ya rage a bakin jama'a shi ne ledar kicin.

Fasto ya tambaya ko akwai mai son faɗin wani abu game da shi. Ba wanda ya tashi. Can sai Alhajin Kumasi, mai shagon kayan abinci a Takoma Park, ya miƙe yana gyara hula. Shi kaɗai ne Musulmi a wurin, kuma ba wanda ya gayyace shi.

"Mutumin nan," ya ce, "shekara tara yana zuwa shagona duk Asabar. Doya ɗaya yake saye. Ɗaya tak. Ban taɓa ganin ya sayi abincin mutum biyu ba, wallahi. Allah ya ba ku haƙuri." Ya zauna.

A bakin ƙofa kuma akwai samari uku da ba wanda ya sani sai ni. Biyu baƙaƙen Amurka, ɗaya ɗan ƙasar Salbado, duk sun matse cikin kwat ɗin da daga gani aro ne. Ba su ji ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa ba. Da za su tafi, babbansu ya sunkuya ya shafa ledar ƙofarmu da tafin hannu, yadda Kawu yake yi, sannan ya fita. Matan zumunta suka kalli juna.

Ni ne ya kamata in tashi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ban san wanda ya fi ni zama da shi a ƙasar nan ba. Amma ban tashi ba, domin ba zan iya maganar Kawu in tsallake abin da na yi masa ba. Abu guda ya rage masa na matarsa da ta rasu a gida, muryarta a kaset, ni kuma na goge ta da hannuna. Mama tana zaune a gabana ranar, ba ta sani ba. Abin da na kasa faɗa a falo shi nake rubutawa yanzu.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na zo daga Kaduna. Mama ta riga mu zuwa da aikin asibiti, Baba yana karatu da safe yana tuƙa tasi da yamma. A makaranta in na buɗe baki dariya ake yi, sai na daina buɗewa. Ni kaɗai nake cin abincin rana. Ranar Asabar, da yake gidan ba kowa, Mama takan sa ni a bas in tafi wurin yayanta a Takoma Park, inda yake haya a ɗakin ƙasa na gidan wata tsohuwar Baturiya. Gado ɗaya, kujera ɗaya, tebur mai aljihu, rediyo babba mai cin kaset biyu, sai 'yar taga can sama wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa.

Kawu mai shimfiɗa ledar ɗaki ne, kuma aikin ya shiga jininsa. Duk gidan da ya shiga, ƙasa yake fara gaisarwa kafin mai gida. Sai ya sunkuya ya shafa, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, sannan ya ɗago ya ce, "Ina kwananku?" Mama takan ce, "Yaya, don Allah ka daina kunyata ni a gidan mutane." Shi kuma ya ce, "Nas, ke ma in kin ga mutum idonsa kike fara dubawa ko yana da jini." Gwiwoyinsa sun yi kanta, baƙi ƙirin. In zai tashi daga durƙuso sai ya dafa bango ya ce, "Taho, taho," kamar mai lallashin tsohuwar akuya.

Wata Asabar muna dawowa daga shagon Alhaji da doyarsa ɗaya, muka ji kiɗa a filin ajiye motoci na bayan shaguna. Yara ne sun yi da'ira, sun baje kwalin firiji a ƙasa, ɗaya yana juyi a kan gadon bayansa ƙafafu a sama. Rawar birek ke nan, wadda a shekarar ta cika talabijin. Na tsaya baki buɗe. Na zaci Kawu zai ja ni mu wuce, sai na ga shi ma ya tsaya, amma shi ƙasa yake kallo.

"Kwalin nan zai cinye musu baya," ya ce. Ya ƙara kallo, sannan ya ce, "Rawar nan ai na san ta tun tana rarrafe."

A hanya ya ba ni labarin, kuma daga baya na ji shi sau ba adadi. Farkon zuwansa ba nan ya sauka ba, a Bronx ya zauna, can New York, yana shara a wani dogon bene. A ƙasan benen akwai ɗakin taro da samarin unguwa suke yin shagali, 'ya'yan baƙaƙen fata da 'ya'yan mutanen Fotoriko. Shi ke buɗe musu, shi ke sharewa, don haka yakan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarsa. Ya ce a cikin kowace waƙa akwai wani ɗan wuri inda mawaƙi yake yin shiru, masu busa da masu jita su ma su janye, a bar ganga ita kaɗai. Wurin nan suke kira birek. Gajere ne, kafin ka gyara tsayuwa ya wuce. To akwai yaran da ba sa rawa sam, suna jingine da bango, sai an zo wurin nan su faɗo tsakiyar fili kamar an tsikare su.

"Sai mai sa faifan ya yi dabara," in ji Kawu. "Ban ce shi ya fara ba, ni dai a wurinsa na gani. Ya sayi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora a na'ura biyu. In gangar ta ƙare a wannan, ya saki ta wancan, kafin ita ma ta ƙare ya mayar da na farko baya da hannu. Abin da bai kai numfashi uku ba sai ya ja shi, ya ja shi, har sai masu rawa sun ce sun gaji. Ni kuwa na ce a raina, yaran nan ba su san ƙauyenmu ba, amma sun san abin da muka sani. Mu ma in mai waƙa ya yi shiru ya bar makaɗi, lokacin ne maza suke shiga."

A ranar na fara jin cewa Kawu ɗan rawa ne a ƙauye. Mama ta tabbatar mini daga baya. Ta ce in an yi kiɗan kaka bayan an shigar da acca, ba a cewa an fara sai ya shigo, kuma a filin rawa ya samu matarsa.

Asabar ta gaba ya ɗauko ragowar leda daga motar aikinsa, mai zanen baƙi da fari, ya saɓa a kafaɗa muka tafi filin. Ya ture kwalin da ƙafa, ya share ƙasan tas don kada tsakuwa ta huda, ya warware ledar, ya goge ta da tsumma har tana ƙyalli, ya shafa da tafin hannu. Sannan ya nuna ni ya ce da Turancinsa mai nauyi, "Nasa ne." Yaron farko da ya gwada juyi a kai sai da ya zarce ya faɗa kan abokansa. Aka yi ihu. Daga ranar suke kiransa Onkul, wato Kawu da Turanci. Ni kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, don leda suka karɓe ni, ƙafafuna sai bayan wata shida suka fara amfani.

Bai taɓa shiga da'irar ba, amma ba a gama rawa bai yi sharhi ba, ni ne tafinta. Takun da ake fara yi a tsaye kafin a sauka ƙasa, shi gaisuwa yake ce masa. In yaro ya faɗo fili ya dasa kai ya hau juyi ba tare da wannan takun ba, sai Kawu ya ce, "Gaya masa ba shi da tarbiyya, ya shiga gida ba sallama." In an sauka ana zagaya hannu da ƙafafu, ido yake zubawa ya ga ko takun yana faɗawa kan ganga. Akwai wani dogo a cikinmu da ya fi kowa iya juyin da ƙafafu suke wulwulawa a sama, kowa na tsoronsa. Kawu ya ce, "Wannan ƙarfi gare shi, kunne ne babu. Ko an kashe rediyon ba zai sani ba." Na fassara rabi na haɗiye rabi. Abin da ya fi so shi ne sandarewar ƙarshe, inda mai rawa yake tsayawa cak a kan hannu ɗaya daidai lokacin da ganga ta buga. In an dace, sai ya ce "Yauwa!" da ƙarfi har masu wucewa su waiga. Kuma ya ji daɗin dokar nan ta cewa komai zafin gasa, ka yi wa abokin karawarka gwalo, ka kwaikwayi tafiyarsa, ka raina masa wayo, amma ba ka taɓa jikinsa.

Mu 'yan birek ba mu da yawa a yankin Washington. Garin yana da nasa kiɗan, go-go, mai ganguna da ba sa tsayawa, kuma masu shi suna ganin rawarmu kayan New York ce. A gida kuma Baba ne. Wata Lahadi bayan coci muna cin tuwo, ya ga gashin tsakiyar kaina ya fara zubewa saboda juyi. Ya ajiye cokalin miya.

"Suruki," ya ce wa Kawu, "ban ƙetare teku don ɗana ya riƙa share titi da kansa ba. Birgima ce wannan, irin ta jaki. Kai kuma babba da kai, har da kai musu shimfiɗa."

Kawu ya gama tauna lomarsa. "Yaron nan wata nawa ya yi a ƙasar nan bai yi magana da kowa ba?"

"Karatu ya zo yi."

"Na ji. Ka san sunan abokinsa ko ɗaya?"

Baba ya sake ɗaukar cokalinsa.

"Ni na san huɗu," in ji Kawu. "Na san abin da rashin mutane yake yi wa mutum a nan. Kai ka zo ka tarar da matarka. Kada ka koya mini."

Mama ta ce, "Yaya, ya isa." Ya wanke hannu ya tafi bai taɓa naman ba. Wata biyu su biyun ba su gaisa ba sai ta bakin Mama.

Cikin wannan tsakanin na yi ɓarnar. Wasu yara daga Annandale, can ƙetaren kogi, sun aiko mana da goron gasa, kuma ni aka ɗora wa haɗa kiɗa. Ba mu da faifai biyu da na'ura biyu, amma muna da dabarar talakawa. Da rediyon Kawu mai kaset biyu, sai ka kunna wurin gangar a ɗaya kana ɗauka a ɗayan, da ya ƙare ka danna maɓallin dakatarwa, ka mayar da na farko baya, ka sake saki. Haka za ka yi ta yi har ɗan guntun kiɗa ya cika kaset. Ranar Kawu ya fita aiki, ni kuma kaset ɗina ya cika. Ya taɓa ce mini akwai sababbi a aljihun tebur. Na jawo aljihun, na ga ɗaya a can ƙurya cikin sabon gidan kaset, ba rubutu a jikinsa ko ɗigo. Ban saurara ba. Na sa shi na danna.

Tun hantsi nake yi har la'asar. Saura kaɗan gefen ya cika babban yatsana ya ƙage, na ce ya isa haka. Da Kawu ya dawo na ce ya zauna ya ji aikin gwani. Ya zauna a bakin gado yana cire takalmi, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Ka iya haɗi, ba a jin gaɓar." Na ji kaina ya yi girma. Muka saurara har inda na tsaya.

Kiɗana ya yanke ƙas. Sai wata ganga daban ta fito, mai zurfi, daga nesa, da guɗar mata. Wata mata ta yi dariya kusa da na'urar, ta ce, "Ka ji su ko? Sun ce in gaya maka wurinka yana nan." Ganga ta ƙara bugawa sau huɗu, kaset ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa.

Takalmi ɗaya yana hannun Kawu. Bai ajiye shi ba.

"Ɗana, a ina ka ɗauki kaset ɗin nan?"

Na nuna aljihun tebur.

Ya tashi, bai ko dafa bango ba. Ya juya kaset ɗin ya kunna ɗaya gefen, shuuu kawai. Ya mayar da na farko baya ya kunna daga farko, kiɗana ya fito. Ya tura gaba, kiɗana. Ya ƙara turawa, kiɗana. Sannan ya kashe. Na so ya mare ni, wallahi na so. Ya mayar da takalminsa ya ce, "Zo in kai ka gida." Ya kai ni har Lanham ya juya.

Na san matarsa ta rasu, amma labarin kaset sai daga baya ya ba ni. Da ya taho, shirin shi ne shekara biyu ta biyo shi. Takardu suka ƙi. Wani ɗalibi da zai zo karatu ya je ƙauyen da rediyo lokacin kiɗan kaka, matar ta zauna ta yi wa Kawu magana ta cika gefe guda: wa ya haihu, wa ya mutu, rufin ɗaki yana yoyo, ta yi masa waƙar da ya fi so. Kafin a juya ɗaya gefen batir ya mutu. Ba ta yi makaranta ba, shi ya sa ba rubutu, shi kuma bai ga dalilin rubuta suna a kan abin da ba zai taɓa ɓace masa ba. Damina biyu bayan haka ciwo ya ɗauke ta. Bai je jana'iza ba, domin a lokacin in ya fita ba zai iya dawowa ba. Sau ɗaya yake kunna kaset ɗin a shekara, ranar Kirsimeti, don tsoron kada zaren ya gaji.

Mako uku ban je ba. An yi gasar an cinye mu, ko a jikina. Mama ta ɗauka rigimarsu da Baba ce ta shafe ni, Baba kuma ya ɗauka na shiryu. Kullum ina jiran wayar da za ta tona ni, ba ta zo ba.

Asabar ta huɗu sai ga motar aikinsa a ƙofar gida. Ya ce wa Mama, "Nas, ara mini yaron nan." A ɗakinsa na tarar da rediyo a kan tebur, da tsohon kaset, da sabo fil a leda. Na fara cewa, "Kawu, don Allah ka..." Ya ɗaga hannu.

"Abin da yaron nan na Bronx yake yi," ya ce. "Abin da ka yi da naka kiɗan. Ɗan abin da ya rage ɗin nan, ka ja mini shi."

Asabar uku muka yi muna wannan aiki. Ni a kan maɓalli, shi a tsaye a kaina ya rufe ido. Ban taɓa aiki da mutum mai tsanani irinsa ba. In na yi saurin dannawa ya ce, "Ka yanke mata dariya. Sake." In na yi jinkiri ya ce, "Gangar ta yi tuntuɓe. Sake." Yana so bugu na huɗu ya miƙa wa na farko hannu yadda mai rawa ba zai ji an ɗinke ba. Tun ina jin maganarta a matsayin magana har ta zama kiɗa a kunnena, sannan ta dawo magana ta fi da ciwo. Sau biyu na fita waje na yi kuka a bayan motarsa na dawo. Bai tambaye ni ina na je ba.

Da muka cika gefe biyun, na ɗauki wuƙar yankan ledarsa na karye 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset. Ya tambayi dalili. Na ce in an karye su ba mai iya ɗaukar wani abu a kai, ko ya danna maɓallin ba zai shiga ba. Ya karɓi 'yan guntayen robar a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo.

"Ɗan wannan abin?" ya ce. "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Bai taɓa cewa ya yafe mini ba, ni ma ban ƙara samun bakin roƙo ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ka gaya wa mamarka. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, akwai gaisuwarta a ciki. Bar ta tana ganin yana nan." Ya ci gaba da ɗaukar laifin lalata ni a wurin Baba, ya ci gaba da kawo mana sabuwar leda in tsohuwa ta tsage.

Sau ɗaya na ga rawarsa, kuma bai san na gani ba. Wata Asabar na iso da wuri, ina saukowa matakala na ji gangar. Ƙofa a buɗe take kaɗan. Ya ɗora kujera a kan gado don ya samu fili, ya cire riga, yana taku a tsaye, kafaɗu suna rawa, ƙafa tana dukan ƙasa daidai kan bugu. Gwiwoyin da ba sa iya tashi sai da lallashi, ga su suna lanƙwasa. Duk sanda ta ce, "Ka ji su ko?" sai ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai amsa kira daga nesa. Ba da'ira, ba mai guɗa, sai ƙafafun mutane suna wucewa ta 'yar tagar sama. Na koma da baya a hankali, na zauna a bakin titi har kiɗan ya tsaya.

Bayan shekara biyu ko uku rawar birek ta fita yayi. Talabijin ta koma kan wani abu, yaran da'irarmu suka watse, wannan ya shiga soja, wancan ya samu aiki. Ni na shiga kwaleji, na yi abokai, Turancina ya daina ba mutane dariya. Zuwa Takoma Park ya koma sau ɗaya a wata, daga nan sai in an yi biki. In na je yakan ce, "Manyan gari, an tuna da mu." In yi dariya in ce karatu ne. Wannan ma laifi ne, kuma ba zan iya cewa kuskure ba ne. Mutumin da ya samo mini mutane, da na same su shi na fara bari.

Tsohuwar Baturiyar ce ta lura motarsa ta kwana biyu ba ta motsa ba. Ta sauka ta same shi zaune a kujerarsa da kayan aiki a jiki. Likita ya ce zuciya ce. A nan Maryland aka binne shi, cikin mutanen da bai sani ba.

Kwana uku bayan zaman makoki muka je kwashe kayansa, ni da Mama. Ba su cika bayan motarsa ba. Na duba aljihun tebur, tsohon kaset yana nan a ƙuryarsa, na sa a aljihuna. Wanda muka haɗa ne ban gani ba. Na shiga mazaunin direba, Mama ta zauna a gefe da Littafinsa Mai Tsarki a cinya. Ina murɗa makulli sai ganga ta cika motar. Ashe yana cikin rediyon mota. Zaren ya gaji, muryar ta dushe saboda yawan ji, amma tana fita.

"Ka ji su ko? Sun ce in gaya maka wurinka yana nan."

Mama ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Matar Yaya ce." Ta matso kusa da rediyon tana murmushi, hawaye na zuba. "Bari ka ji, yanzu za ta gaishe ni. Tsokanata take yi a ciki, wai na tafi Turai na manta daka."

Ganga ta buga huɗu. Dariya. "Ka ji su ko?"

Ta jira. Ya sake dawowa. Ta jira na uku, sannan ta juyo ta dube ni.

"Ina sauran?"

Na kashe injin na gaya mata duka, tun daga aljihun tebur har 'yan haƙoran roba. Ban ɗora wa ƙuruciya ba. Ta saurara ba ta katse ni ba, idonta a kan gilashin gaba.

"Shekara biyar," ta ce. "Kuma ya bar babanka yana zaginsa."

Na ce e.

"Kai ka haɗa masa wannan?"

"Shi ya sa ni. Tare muka yi."

Ta share fuska da bakin gyalenta. Na kai hannu zan cire kaset ɗin, ta riƙe mini hannu.

"Bar shi," ta ce. "Tada motar. Kada ka kashe."

Haka muka taho har Lanham, ledojinsa suna gungurawa a baya, matarsa tana ta faɗa masa saƙon mutanen ƙauye. A bakin gida Mama ba ta fita ba sai da gefen ya ƙare.

Wannan shi ne abin da ya kamata in tashi in faɗa da Fasto ya tambaya. Kawu ɗan rawa ne, mijin mace ɗaya ne, kuma ya rufa wa yaron da ya yi masa babbar ɓarna asiri har ya mutu. Ledar kicin ɗinku kuma, gaskiya ne, ba za ta ɗago ba. Ubangiji ya karɓi baƙuncinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya sa da ya isa, ya tarar wurinsa yana nan.